Mai Gadin Babi na Ƙarshe

A layin da shagonsa yake, Mai Makulli ake ce masa, kuma babu wanda ya taɓa ganin dalilin ƙara wani abu a kai. Shagon bai wuce taku huɗu ba, a matse tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai sayar da labule. Injin yanka ɗaya ne, bango cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da ɗanyun makullai a rataye, ƙasa kuma garin tagulla da tsintsiya ta gaji da shi. Shekara ashirin da shida ke nan yana wurin. Mutane kan zo masa a firgice, wannan ya kulle kansa a waje, waccan jikanta ya jefa makullin kicin a kwata, shi kuwa ba ya tambayar kowa yadda aka yi. Ya karɓa, ya ɗaura a inji, ya yanka, ya goge bakin, ya hure, ya miƙa.

Amma akwai wasu mutum ɗari uku da 'yan kai da suka san shi da wani sunan. Su Mai Usur suke kiransa, kuma in ya shigo ɗaki har manyan likitoci sukan rage murya.

Waɗannan su ne masoyan wani dogon labari mai littafi biyar, Kumbon Zuriya Bakwai. Labarin wasu mutane ne da suka bar duniya a cikin ƙaton kumbo, suka nufi wata duniyar da babu wanda zai taka ta a cikin waɗanda suka tashi, sai jikokin jikokinsu. Wadda ta rubuta ta daɗe da rasuwa. Tsohuwa suke ce mata, kamar kakarsu ce ta wajen uwa. Suna da zaure a waya inda ake kwana ana tashi da musu a kan abin da bai taɓa faruwa ba: wa ya kashe wutar bene na tara, ko gonar kumbon za ta iya ciyar da mutum dubu huɗu, ko kyaftin na uku munafuki ne ko dai matsoraci. Sau ɗaya a shekara sukan kama babban ɗakin taro na wani otal, su saka kayan ma'aikatan kumbon, su wuni tare. In biyu suka haɗu, ɗaya ya ce, "Ina zuriya?" ɗayan ya amsa, "Tana tafe." A gidajensu ana yi musu kallon waɗanda notin kansu ya ɗan kwance. A wannan ɗakin kuwa kowa notinsa daidai yake da na ɗan'uwansa.

Dokarsu ɗaya ce tak, kuma shi ya kawo ta: ba a maganar babi na ƙarshe. Shekara goma sha tara da suka wuce, a makon da littafi na biyar ya fito, lokacin ba su fi mutum ashirin ba, ya miƙe a taro ya ce, "Jama'a, akwai masu zuwa a bayanmu da ba su karanta ba. Duk wanda ya faɗa musu ƙarshen, ya yi musu satar da ba a iya mayarwa." Aka tafa. Wani ya samo usur irin na alƙalin wasan ƙwallo ya rataya masa a wuya. Tun daga ranar, in hira ta fara gangarawa wajen babin, sai ka ji fiiit, kowa ya haɗiye sauran maganarsa. A zauren waya ma shi ke share saƙo. Kalma biyun farko yake gani ya san inda aka dosa, ya runtse ido ya goge. Sababbin shiga sukan zo har inda yake su gode masa. Wata ɗaliba har da ƙwalla, ta ce, "Baba, albarkacinka na kai ƙarshe babu wanda ya ɓata min."

Abin da mutum ɗari ukun nan ba su sani ba shi ne, Mai Usur bai taɓa karanta babin ba.

Ya sayi littafin a ranar da ya fito. Ya karanta a tsaye, ya karanta a zaune, ya yanka wa wani makullin mota a karkace saboda shi. A kwana na uku ya iso bakin babi na ƙarshe, shafi ashirin da biyu, ya sa yatsa zai juya, sai hannun ya ƙi. Ya ɗauki abin huda ƙarfe, ya huda gefen shafukan haɗe da bangon baya, ya zura ɗan ƙaramin kwaɗo irin na akwatin tafiya, ya danna. Makullin kuma ya jefa shi cikin kwanon makullan da masu su ba su dawo karɓa ba.

"Mai yanka makulli wai makulli ya ɓace masa," in ji matarsa, duk sanda ta zo goge kantar littattafan. "Wannan ko yaron goye aka ba labari sai ya yi dariya."

Yana da amsar da ya daɗe yana ba kansa: ajiye shi ya yi sai ranar da ta dace, kamar yadda ake ajiye turare mai kyau. Sai dai ranaku masu dacewa sun zo sun wuce. An aurar da 'yarsa ta fari, an haifa masa jika, an yi masa aikin ido ya warke, kwaɗon na nan. Gaskiyar ta girmi littafin. Yana saurayi ya yi shekara uku a kwalejin koyon aikin inji, shi ne na gaba-gaba a aji. Ranar jarrabawar ƙarshe ya je har bakin ƙofar ɗakin, ya ga an jera kujeru, ya juya gida ya ce wa mahaifinsa zazzaɓi ne. Tun daga nan yana iya cewa, "Da na zauna da na ci," kuma babu mahalukin da zai ƙaryata shi. Haka ya so kumbon ya tabbata, yana tafe, bai isa ba, bai kuma tarwatse ba.

Wannan shi ne dalili na farko, tsoro. Na biyun shi ne wanda ba ya son haɗa ido da shi: usur ɗin yana da daɗi. Mutumin da ya wuni ana ce masa, "Malam, yi sauri mana, ina da wurin zuwa," ya samu wurin da in ya hura iska a ɗan ƙarfe, lauya zai yi shiru a tsakiyar jimla. Tsoro ya kafa dokar, daɗin nan kuma ya yi ta ba ta abinci har ta girma.

Mai Kemis ta fi kowa sanin zafin usur ɗin. Mace ce gajeriya mai saurin baki, tana da kantin magani a bayan tashar mota, ta haddace littattafan biyar kamar sunayen 'ya'yanta. Shekara takwas da suka wuce, ana shan shayi a wurin taro, ta ce, "Ni fa tun da na ga abin da ya sami ƙofar bene na tara a ƙarshe..." Bai san lokacin da ya hura ba, har kofin hannun wani ya suɓuce. Ya tsaya kai da fata sai da aka dakatar da ita shekara guda. Babu sabon shiga ko ɗaya a teburin ranar, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Laifinta shi ne ta jefa masa rabin jimla, kuma tun daga nan yake yawo da ita kamar tsakuwa a takalmi. Me ya sami ƙofar?

Bana ita aka zaɓa shugabar masu shirya taro. Saura mako biyu, sai ga ta a shagonsa da rana tsaka, da makullin sito a hannu.

"Ina zuriya, Yaya?"

"Tana tafe," ya ce ƙasa-ƙasa, yana waigen mai labule ko ta ji. "Guda nawa?"

"Biyu. Kuma da albishir na zo. Kwamiti ya zauna. Bana littafin farko ya cika shekara talatin, don haka za mu ɗage dokarka na awa ɗaya. Ƙarfe uku zuwa huɗu. A rufe ƙofa, waɗanda suka karanta kaɗai, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Kuma kai za ka buɗe. Minti goma, ka faɗa mana yadda ka ga ƙarshen."

Injin ya ci gefen makullin ya yi wata irin ƙara. Ya kashe, ya ciro wanda ya lalace ya jefar, ya ɗauki wani.

"Ai ni ba mai magana ba ne. Ku ba Farfesa."

Farfesa tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, shi ya zana taswirar kumbon bene-bene.

"Farfesa in ya karɓi makirufo sai an kira masa 'yan kwana-kwana kafin ya saki. Kai dai. Mutumin da ya danne bakinsa shekara goma sha tara saboda wasu, wa ya fi shi cancanta? An ma riga an buga a takardar shiri."

Ya duba fuskarta yana neman tarko. Bai ga komai ba sai murmushin mai sayar da magani, wanda ake yi wa mai lafiya da marar lafiya iri ɗaya.

To, mai hankali zai ce ina abin damuwa? Shafi ashirin da biyu, kwana goma sha huɗu. Ya karanta a ɓoye, ya hau dandamali ya faɗi albarkacin bakinsa, asiri ya rufu har abada. Shi ma haka ya ce. Ya kawo littafin shago a cikin leda. Kwaɗon bai ɗauke shi daƙiƙa biyar ba da ɗan guntun waya. Ya buɗe, ya ga lambar babin, idonsa na shirin sauka kan layin farko, sai ga wani mutum da makullin babur. Bai taɓa murnar ganin mai babur irin ta ranar ba. Ya mayar da kwaɗon ya danna. Washegari ya ce sai ya sake bin littafi na huɗu tukuna don ya tuna inda aka kwana. Rana ta uku kansa na ciwo. A kwana na tara ya kama kansa yana roƙon Allah ya kawo ruwan da zai hana taron, ya ji kunya har ya kasa haɗa ido da mai gyaran waya da ya leƙo aron kujera.

Safiyar taron matarsa tana goge masa rigar ma'aikatan kumbo, mai ruwan toka da jan ratsi ɗaya a hannu, alamar 'yan zuriyar farko. Shi yana zaune a bakin gado da safa ɗaya a ƙafa.

"Baban yara, ko in faɗa maka ne kawai? Jimla biyu ce."

"Ki faɗa min me?"

"Ƙarshen mana."

Ya dube ta. "Ke kin...?"

"Tun ina goyon auta. Kwaɗon akwati ne fa, da fil na buɗe. Mace ta ga mijinta ya kulle takarda, ai dole ta duba ko wasiƙar wata ce." Ta juya rigar. "Da na ga ba wasiƙa ba ce, sai na koma na farko na karanto duka. Ka ga, lokacin da suka..."

Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana gurnani kamar injinsa, dattijo mai jika, da safa ɗaya. Sai da ta ajiye dutsen guga ta zauna don dariya. Da ta ga fuskarsa kuma sai ta daina. Ta miƙa masa rigar da ɗuminta.

"Me kake tsoro? Su kore ka?"

"Su ne kaɗai ke ganina da daraja," ya ce.

"Na sani," ta ce. "Ka tafi da littafin."

Ɗakin taron ya cika tun kafin ƙarfe goma. Tebura a jere a jikin bango, wannan na sayar da tsofaffin bugu masu bangon da ya koɗe, wancan bajo-bajo na kowace zuriya, can kuma wasu 'yan mata sun kafa gonar kumbon da kwalabe da auduga, wake har ya tsiro. Wasu ma'aurata sun ɗinka wa jaririnsu rigar toka mai ratsi bakwai, ana ta karɓarsa hannu-hannu. Ko'ina warin gam da sabon fenti. Duk inda Mai Usur ya bi da ledarsa a hammata, sai a buɗa masa hanya, a ce, "Sai ƙarfe uku, ranka ya daɗe!"

Wani da suke kira Gwangwani ne ya tare shi a wajen teburin shayi. Direban bas ne, ƙato, kowace shekara yakan zo a matsayin mutum-mutumin da ke kula da injin kumbon, cikin kwali da takarda mai ƙyalli, gumi na bin wuyansa.

"Babban yaya! Ni ba sai ka yi magana ba, na san ɓangaren da kake. Mutum mai tsauri irinka namu ne."

"Ɓangare?"

"Ka ji shi! Har yanzu yana gadi." Gwangwani ya yi dariya har kwalin ƙirjinsa ya ɓalle, ya wuce yana neman gam.

Mai Usur ya tsaya da kofi a hannu. Ashe har ɓangarori ne da su.

Ƙarfe uku saura minti biyar aka roƙi waɗanda ba su kai littafi na biyar ba su fita su sha iska. Suka fita suna gunaguni, aka ja ƙofa aka sa sakata. Mai Kemis ta gabatar da shi da kalmomin da suka sa ya so ƙasa ta tsage. Ya hau, ya gyara makirufo, ya ga fuskoki ɗari uku, wasu da fenti, wasu cikin kwalkwalin kwali.

"Babin nan," ya ce, "babi ne mai zurfi."

Aka gyaɗa kai.

"Duk wanda ya karanta shi, ba zai fito yadda ya shiga ba."

"Wallahi kuwa!" in ji wata daga baya.

Sai ya ga ashe abin mai yiwuwa ne. Da irin wannan zai iya cinye minti goma, a tafa masa, ya sauka da girmansa. Amma a layin gaba Farfesa ya riga ya ɗaga hannu, da takardu a cinyarsa, leɓensa na motsi yana bitar abin da zai faɗa. In minti goman nan suka ƙare, baki ɗari uku za su buɗe. Zai ji ƙarshen kumbon a gutsure, daga bakin Farfesa, da lissafi a ciki, shi kuma yana zaune a kan dandamali yana gyaɗa kai kamar ya sani.

Kada a yi masa shaidar da bai cancanta ba. Ba son gaskiya ne ya kai hannunsa cikin ledar ba, rowa ce. Abin da ya adana shekara goma sha tara ba zai bari a tauna masa a zuba masa a kunne ba.

Ya ɗaga littafin sama. Ɗan kwaɗon yana lilo.

"Jama'a, ban karanta ba."

Ya sauke littafin, ya ci gaba.

"Ba don masu zuwa a baya na kawo dokar ba. Don kaina na kawo ta. Wannan baiwar Allah da na sa aka dakatar, ba ta ɓata wa kowa komai ba sai ni." Ya dubi Mai Kemis, sannan ya dubi jama'a. "Shi ke nan abin da zan ce. Ku yi yadda kuka ga dama."

Gwangwani ya cire kwalkwalinsa a hankali. "Babban yaya. Ko layi ɗaya?"

"Ko layi ɗaya."

"Kana nufin ba ka ma san cewa a ƙarshe..."

Ɗakin ya fashe. "Kai! Rufe bakinka!" "Ku danne shi!" Mutum uku suka faɗa kan Gwangwani, wata ta toshe masa baki da jakarta. Mai Kemis ta fizge usur ɗin daga wuyan mai shi, ta hura har sai da ya ji a haƙoransa. Ashe haka yake a kunnen wanda aka hura wa.

"Kowa ya kama bakinsa!" ta ce. "Duk wanda ya furta ko harafi, ni da shi ne."

Ba kowa ne ya ga abin dariya ba. Wani lauya ya miƙe fuska a murtuke ya ce saƙonsa arba'in da ɗaya aka share, ya ƙirga, kuma wannan sunansa munafunci, a kira shi da sunansa. Mai Usur ya ce, "Haka ne." Lauyan ya tsaya da baki a buɗe, don ya shirya wa musu, ya koma ya zauna yana huci.

Farfesa kuwa bai ɗauke ido daga kwaɗon ba. Ya tako har gindin dandamali, takardunsa na zubewa.

"Ni shekara goma sha tara nake neman dabarar da zan manta babin nan in sake karanta shi sabo fil. Babu. Lissafi bai ba ni ba, tsufa ma ya ƙi ba ni, ya gwammace ya ɗauke min sunayen jikokina. Ga mutum yana yawo da shi a leda!" Ya miƙa hannu ya taɓa bangon littafin da yatsa biyu. "Kai ɗan'uwa, ka san abin da kake riƙe da shi kuwa?"

"A hukunta shi!" in ji wata murya.

"Za a hukunta shi," in ji Mai Kemis. Ta nuna wani ɗan ɗaki a gefen dandamali inda otal ke tara kujeru, mai ƙofar gilashi. "Can zai shiga ya karanta. Yanzu. Mu kuma mu jira."

"Awarmu fa?" in ji lauya. "Shekara nawa muna jiran awar nan?"

"Ka taɓa ganin fuskar mutum yana karanta babin a karon farko? To ga dama ta samu."

Lauyan ya yi ɗan tunani, ya jawo kujerarsa gaba.

A bakin ƙofar gilashin Mai Usur ya tsaya, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Kin sani?"

"Na yi zato. Ranar da ka hura min, ba fushi na gani a fuskarka ba. Irin fuskar da ake shigowa da ita kantina ce in yaro ya haɗiye wani abu."

"To tarko kika ɗana min."

"Mako biyu na ba ka, Yaya. Rabin zuciyata ya so ka karanta a ɓoye ka tsira da mutuncinka. Ɗaya rabin kuma, ba zan yi maka ƙarya ba, ya so ya ga gumi." Ta dube shi sama da ƙasa. "Na gani. Ya ishe ni. Shiga."

Ya zauna a kan kujera ɗaya cikin tulin kujeru, ya zaro ɗan guntun waya daga aljihu, ya buɗe kwaɗon. A bayan gilashi fuskoki sun taru har saman juna, dogaye a baya, gajeru a tsugune, an ɗaga jaririn ma kamar zai gane wani abu. Ya juya musu gefe. Ya sa yatsa a shafin. Wannan karon babu mai babur.

Abin da ke cikin babin na masu karanta shi ne. Abin da za a iya faɗa shi ne, babi ne kamar sauran. A wani wurin Tsohuwa ta gaji har ta maimaita kanta. Maganar ƙofar bene na tara, da ta hana shi sukuni shekara takwas, layi huɗu ce kacal, kuma da ya iso ta ya ɗaga gira, sai ya ji raɗa ta ratsa gilashin: "Ya kai ƙofar! Ya kai ƙofar!" A shafi na goma sha bakwai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga, kuma babu wanda ya yi dariya a waje. Sannan ya kai layin ƙarshe, ya ga farar takarda a ƙarƙashinsa.

Ya zauna yana jiran abin da zai rushe. Babu abin da ya rushe. Kujerun na nan, gwiwarsa ta hagu na ɗan ciwo kamar kullum, kafaɗunsa kuma sun sauko daga inda suka daɗe a maƙale. Ya ja numfashi, ya ji ya tafi har ƙasan ciki. Sai kuma ya ji wani abu da bai yi tsammani ba yana taso masa. Haushi ne, mai kyau, mai zafi.

Ya buɗe ƙofar. Mutum ɗari uku suka ja baya taku ɗaya.

"To?" in ji Mai Kemis.

"Tsohuwa ba ta kyauta ba," ya ce.

Rabin ɗakin ya tashi da ihu, Gwangwani ya rungume shi har sauran kwalin ya tarwatse. "Ban faɗa ba? Namu ne!" Ɗaya rabin ya hau buga tebur ana "Ta kyauta! Ta kyauta!", Farfesa a gaba yana kaɗa takarda. A cikin hayaniyar ne ya fahimci cewa sunayen ɓangarorin ke nan, 'yan Ta-kyauta da 'yan Ba-ta-kyauta-ba, kuma an daɗe ana gwabzawa.

"A ina kuke yin wannan duka?" ya tambaya.

Aka kalli juna. Mai Kemis ta sosa gefen hanci.

"Akwai zaure na biyu. Shekarar da ka dakatar da ni na buɗe, don zaman banza ya ishe ni."

"Su wa ke ciki?"

"Kowa," in ji Gwangwani. "Duk wanda ya gama na biyar, washegari ake saka shi. Mun ɗauka ba za ka so ba ne, babban yaya. Muna jin nauyinka."

Maganar ta soke shi. Shekara takwas yana gadin ƙofar gidan da mutanensa suka koma kwana a wani. Amma kafin zafin ya zauna, wayarsa ta yi ƙara a aljihu, an saka shi a zaure na biyu, kuma wani ya riga ya tura masa kujera a bayan gwiwa.

"Zauna," in ji Farfesa. "Ba a cewa ba ta kyauta ba a tashi. Kawo hujja."

Ya zauna. Ya fara da kyaftin na bakwai, da alkawarin da aka yi tun a littafi na biyu, yana laluben kalmomi, yana buɗe shafi da yatsun da garin tagulla ya rine. Bai kai jimla ta uku ba lauyan nan ya katse shi.

"Malam, da ganinka yau ka karanta. Ba ka fahimci komai ba wallahi."

Rabon da wani a ɗakin nan ya yi masa magana haka, har ya manta. Ya ji daɗinta har cikin ƙashi.

"Kai dai bari in gama maganata," ya ce, ya jawo kujerar kusa da teburin.